Kunun Tsiro a Zangon Kumasi

Sai da muka tsallaka iyakar Seme na yarda na bar gida. Kafin nan gani nake kamar Legas za mu leƙa mu dawo. Sunana Saude, 'yar Funtuwa ce ni, sana'ata kunun zaƙi, a hannun kakata na koya. Ba yabon kai ba, a unguwarmu in ana suna ko walima ni ake aiko wa. Aure ya mutu, kasuwa ta ja baya, sai ga wata mata, Hajiya Balaraba, tana bi gida-gida da zancen wani gidan abinci a Gana da ke neman mai hannu. Na sayar da gadona da kwanukan jerena na damƙa mata, muka kama hanya.

A Kwatano na gane bakina ma ya shiga baƙunci. Ina da wata ɗabi'a da kakata ta sa mini, ba na haɗiye abin sha sai na juya shi a baki na ji nauyinsa, na ji inda ya tsaya da abin da ya bari a baya. A tasha na sayi zoɓo a leda. Ja wur, sanyi ƙarara, amma tsararo ne, ya shiga ya wuce kamar bai zo ba, sai sukari da ya manne a haƙori. Na ce wa Hajiya Balaraba, "Wai mutanen nan ba su san citta ba ne?" Ta ce, "Ke dai sha ki yi shiru, ba alƙalanci kika zo yi ba." Ta faɗa ne idonta yana kan lalitata, ni kuwa hankalina yana kan zoɓo.

A Aflawo, bayan mun shiga ƙasar Gana, ta zaunar da ni a wata rumfa. Ta ce in ba ta guzirin da ya rage ta yanko mana tikitin Akra, in ara mata wayata kuma, tata ta mutu. Na ba ta. Tun hantsi nake kallon hanyar da ta bi har la'asar sakaliya. Da na tabbata ba za ta dawo ba, sai na ja mayafi na rufe fuska na yi kuka mai isata. Wata mata da ke talla kusa da ni, ba ta jin Hausa ko kalma ɗaya, ta taɓa kafaɗata ta miƙo mini kofi. Asana suke ce masa, ruwan masara ne da ƙonannen sukari, da ƙanƙara a ciki. Ina sha ina sheshsheƙa, amma wallahi sai na ji raina yana cewa, wannan yana da santsi, ga ɗan ɗaci a ƙarshe da ke kashe zaƙin, da za a ɗan ƙara masa kauri da ya yi daidai. Na kama kaina ina gyara wa mutane abin sha a tsakiyar masifa, sai dariya ta ƙwace mini. Matar ta ga haka ita ma ta kama dariya, ba ta san dalili ba.

Ita ce ta kirawo wani dattijon direba, Bahaushen Kumasi, da ya sauke kaya zai koma. Ya ji labarina ya girgiza kai, ya ce, "Yanzu gida za ki, ko gaba?" Na ce, "Baba, in koma Funtuwa da wane ido? Ko gadon da zan kwanta babu." Ya ce, "To shiga mota. A Zango baƙo ba ya kwana a waje."

Hanyar Kumasi ba abin da na gani sai kore. Itatuwa har sun gundure ni, ruwan sama kuma ba ya neman izinin kowa. Ƙafafuna suka kumbura, bayana ya riƙe. Amma muna shiga Zango na ji wata mata tana ƙwala wa yaronta kira da Hausa tana zaginsa, sai na ji kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ran nan ba.

Direban ya kai ni gidan Alhaji Bukari mai fataucin shanu, ya damƙa ni a hannun matarsa, Hajiya Mariya. Doguwa ce, mai jiki, muryarta tana kaiwa ƙarshen layi. Ta sa aka ba ni ruwan wanka, ta cika mini kwano da shinkafa da wake, ta zauna tana kallona har na suɗe. Sannan ta ce, "Saude, ni ba na ɓoye magana. Ga ɗakin ajiya nan, ki share ki kwanta. Ɗiyata Zuwaira ta kusa haihuwa, yau ko gobe. Bayan suna motar Alhaji za ta tafi arewa ɗauko shanu. In kina da sana'ar da za ta riƙe ki, ki zauna. In babu, ki shiga motar, 'yan'uwa su miƙa ki hannu-hannu har gida. Ba na ajiye mace a zaune." Na ce, "Hajiya, ina da sana'a." Ta ce, "Kowa haka yake cewa."

Ta ba ni gero da tukunya. Na yi kunu, na zuba a robobi, na kafa tebur a bakin layi ina jin kaina. Wayyo! Wani mai gyaran babur ya kurɓa ya ce, "Anti, ka manta ka sa kunun a ciki." Hausar Zango ke nan, wasu ba ruwansu da mace ko namiji, kowa kai ne. Wata ta sha ta ce ba laifi, ta tafi ba ta sake waiwayata ba. Na sayi abin da suke sha don in ji da me aka fi ni. Burkina, wato nono da dambun gero, ana sha ana tauna. Lamurji, citta ce zalla, tana kama maƙogwaro ta girgiza. Bakin mutanen Kumasi ya saba da abin da ke tsaya masa. Nawa kuwa na san ciwonsa, babu tsiro. A gida da tsiron dawa muke kashe kunu, shi ke ba shi zaƙin da ba ya gundura da jikin da ba ya tsinkewa. A nan da sukari na yi, kuma sukari ba ya ba kunu jiki.

Na jiƙa dawa na shimfiɗa a ɗakin ajiya don in yi tsirona. Danshin garin ya sa ta yi fumfuna, ta cika gida da wari, Hajiya ta ce in kwashe kafin Alhaji ya ɗauka akuya ce ta mutu. Na hau trotro, ƙananan bas ɗinsu, na je kasuwar Tafo, na bi 'yan hatsi rumfa-rumfa. A ƙarshe wata tsohuwa ta jawo ni kusa ta ce a kunnena, "Tsiron dawa a garin nan masu pito kaɗai ke yi." Pito shi ne giyar dawa, irin wadda ake ce wa fito a wajenmu. Na ce, "A'uzubillahi." Ta ce, "To sha sukarinki."

Na kwana ina juyi, ina tuna motar shanu. Da safe na ja mayafi har hanci, na tsallaka babbar kwatar da ke bayan Zango, na bi hayaƙi har wani gida mai katangar kwano. Na yi sallama.

Mai gidan sunanta Rufina, Badagartiya ce daga can arewacin Gana, Kirista, gajeriya, damatsanta kamar na maƙeri. Ta dube ni sama da ƙasa ta kwashe da dariya. "Hajiya, ka ɓata hanya ne, ko ka gaji da lahira?" Na ce tsiro na zo saye, kunu nake yi. Ta daina dariya. Ta ɗebo tsiro a tafin hannu ta miƙo mini. Na jefa a baki na tauna, na ce, "Wannan a inuwa ya fara bushewa kafin ya ga rana." Ta buɗe baki. "Kai! Wa ya koya maka?" Na ce kakata. Ta ce, "Kakanka mai pito ne bai sani ba." Na ce ta kiyaye ni da kakata. Daga nan muka ƙulla.

Na koma da kunun da na yi da tsironta don ta ɗanɗana. Ba ta haɗiye ba. Ta riƙe shi a baki, ta juya, ta lumshe ido, daidai yadda nake yi. Tun da na bar gida ban ga wanda ke shan abu kamar ni ba sai wannan mata mai giya.

Ta ce, "Zaƙi ya yi. Amma kununka yana da kunya. Ya shigo ya gaishe ni ya fita, bai zauna ba."

Na ce, "Ke da kike dafa giya me kika sani a kunu?"

"Kai ba ka sha, na sani, ba zan ba ka ba. Amma harshen mai sallah da na mai coci iri ɗaya Allah ya yi. Zauna."

Ashe kafin ta kafa murhunta ta daɗe tana aiki a wata mashaya a unguwar Oforikrom, babu irin giyar da ba ta wuce ta hannunta ba. Ta aika aka sayo ruwan soda, ta ce in kurɓa in riƙe. Ya dinga tsikarar harshena, ya hau hanci. Ta ce, "Farin giya na kwalba haka yake. Ba shi da jiki, sanyi ne da iska. Ya cije ka da ƙananan haƙora, ya wanke baki, ya gudu. Shi ya sa mai shansa yake ta ƙari, yana neman abin da ya sha bai gani ba."

Wani tsohon kafinta Ba'asante da ke zaune a benci da ƙoƙonsa ya tsoma baki da gurguwar Hausa. Ya ce duk wannan wasan yara ne, giya ta gaske ita ce baƙar nan ta kwalba. Ya ɗaga hannu yana kwatantawa kamar mai wa'azi. Wai kumfarta tana zama a leɓe kamar kindirmo, ita kuma ta kwanta a harshe da nauyinta, ba ta gaggawa, in ta wuce ta bar ɗacin ƙanzo a ganɗa, mutum ya yi ta lasa har gida. Rufina ta ce, "To me ka zo yi gidana?" Ya ce aljihu ne ya kawo shi. Ta jefe shi da marfin roba. Sannan ta ba ni lemon malt na gwangwani, wanda ko a Funtuwa muna sha, ta ce in cire zaƙin a raina in sa ɗaci a wurinsa, to na san baƙar giya ke nan.

Na ce, "Burkutun ƙasarmu fa?" Don ina jin labarinsa a ƙauyukan da ke bayan garinmu. Ta ce ta taɓa sha a wajen wasu 'yan Najeriya. "Wannan tuwo ne ya yi ruwa. Kauri, gari-gari a haƙori, tsami, ka sha ka ƙoshi ka kwanta. Nawa yana tsakiya." Ta nuna mini yadda take daka ɓawon karan kuɓewa ta zuba yauƙinsa a ruwan tsiro, gari ya kwanta ƙasa, ruwa ya taso garau mai santsi. Ta ce pito da safe yana da laushi da sauran zaƙi, da rana tsami ya kama gefen harshe, da yamma ya bushe ya bar bauri, tukunya ɗaya amma ba baki ɗaya ba. Ta ƙara da cewa, "Kuma ka riƙe wannan, tunda kai mai sallah ne. Ruwan tsiro kafin a sa masa uwa, abinci ne, yaro ma yana sha. In ya fara tsikarar harshe, zaƙi yana raguwa, jiki yana tsinkewa, to ya farka. Ba naka ba ne kuma, ya zama nawa." Uwa ita ce ƙullin yis da suke ajiyewa daga tsohuwar giya su tayar da sabuwa.

Na koma na sake lale. Na bar ɗan tsakin gero a ciki don haƙori ya sami abin yi. Na sa yauƙin kuɓewa kaɗan, kunu ya yi santsi ya daina rabuwa da ruwa. Citta da kanumfari na ƙara musu hannu don su tsaya a maƙogwaro bayan an haɗiye. Na binne robobin a ƙanƙara. Mai gyaran babur ɗin nan ya sha, ya sake sha, ya ce, "Anti, yau kunun ya zo da kansa." Kafin azahar tebur ya tashi. Na shiga gida ina taka rawa da bokiti a ka, Hajiya tana cewa, "Ke, gidan malamai ne kusa da mu!" amma ita ma kafaɗarta tana motsi. Ta shanye kofi biyu ta ce, "Ina kike samo tsiron nan?" Na ce wajen wata mata 'yar arewa. Ba ta ƙara tambaya ba, ni ma ban ƙara bayani ba.

Zuwaira ta sauka lafiya, namiji. Hajiya ta kira ni gaban mata ta ce abin shan suna duka a hannuna yake. Na san abin da take nufi. Matan Zango kaf za su zo, daga Tafo har Manhyia, kuma abin da suka faɗa a kan kunun shi zai ce in zauna ko in hau mota.

Ana gobe suna Hajiya ta dawo daga unguwa da tasi, an ɗauro manyan randuna uku a bayan motar. Tana ta murna. Ta ce a bakin hanya ta gan su, wata tsohuwa za ta koma garinsu tana sayar da kayanta. "Roba tana ɓata kunu," in ji ta. "Iyayenmu a randa suke zubawa, ya yi sanyi ya yi ƙanshin ƙasa." Gaskiyarta ne, ni ma na yi murna. Baƙaƙe ne, sun sha hannu, cikinsu sumul. Muka wanke su tas da sabulu, Hajiya har da turara su. Da yamma na gama kunu, na cika randunan uku, ragowar na juye a wata shuɗiyar robar ruwa, na rufe.

Da na idar da sallar asuba na je dubawa. Tun kafin in ɗaga faifai na ji wani ɗan sauti, sss, kamar ana soya abu a nesa. Na buɗe, kumfa ta rufe saman kunun tana motsi. Na ɗebo a ludayi na kai baki. Ya tsikari harshena. Zaƙin ya ja baya, jikin da na sha wuya na gina ya tsinke, wani ɗumi-ɗumi yana bin dasashina. Na furzar, na kurkure baki, na yi ta istigfari. A waje kuwa har an fara shimfiɗa tabarmi, ina jin muryoyin malamai suna gaisawa da Alhaji.

Na tsaya riƙe da ludayi. Ban tabbata ba. Ni ban taɓa sanin giya a bakina ba, watakila tsami ne kawai irin na kunun da ya kwana. In na zuba ƙanƙara da sukari, ba lallai wani ya gane ba. Amma in shayar da malamai da mai jego abin da nake shakka? Mutum ɗaya ce a garin nan za ta iya raba mini gardama, kuma kiran sunanta a gidan nan daidai yake da in ɗaure kayana da hannuna.

Na sami Hajiya a ɗaki tana ɗaura gwaggwaro. Na ce, "Hajiya, kunun randa ya canza. Ina tsoron ya zama abin da ba a sha."

Ta juyo. "Kamar yaya ba a sha?"

"Ina tsoron ya zama pito."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! A gidana? Ranar sunan jikana? Ke ina kika san pito?"

"Ban san shi ba. Amma na san wadda ta san shi. Rufina, ta bayan kwata."

"Mai giya? Me ya haɗa ki da mai giya?"

"Tsironta kike sha tun ran da kika shanye kofi biyu na kununa."

Ta zauna a bakin gado daɓas. Gwaggwaron ya warware ya faɗo mata a cinya. Ni kuwa na fara lissafin yadda zan zauna a motar shanu. Can ta ce, "Tsaye kike har yanzu? Je ki kira ta!"

Rufina ta zo a guje, amma sai da ta tsaya ta ɗaura ɗankwali ta yafa zane. Ta gaida Hajiya har ƙasa. Tana ganin randunan ta riƙe baki. Ta ƙwanƙwasa ɗaya da yatsa, ta shinshina gefenta, ta ce, "Hajiya, wa ya sayar maka tukunyar pito? Wannan ya girme ni a sana'a. Uwa yana cikin jikinsa, ko ka wanke shekara ba ya fita. Ka zuba masa ruwan tsiro, ka rufe, ka ba shi dare guda. Ai ko ni iyakar abin da nake yi ke nan."

Ta ɗanɗana ta farko, ta riƙe, ta haɗiye. "Ya tafi." Ta biyu. "Ya tafi." A ta uku ta daɗe, ta lumshe ido, ta dube ni ta ce, "Saude, wallahi kana da hannu. Ban taɓa shan mai santsi haka ba." Na ce, "Rufina, don Allah ki rufa mini asiri ki yi shiru!" Sai na ji wani sauti a bayana. Hajiya ce ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa, hawaye na zuba, dariya ta hana ta numfashi. "Ni Mariya," take cewa, "ni na yi cinikinsu, har ina neman ragi!"

Na robar kaɗai ya tsira, shi kuma ko maza ba zai isa ba. Aka kai musu shi da koko da masa. Saura taron mata da rana, ga shi kunun tsiro yana son kwana kafin ya yi zaƙi. Rufina ta ce tana da ruwan tsiro da ta tace da asuba, na girkin ranar, ba a sa masa komai ba. In aka dama gero da zafi aka zuba shi, kafin azahar zai kashe kunun. Na ce, "Cinikinki na yau fa?" Ta ce, "Su sha ruwa yau, ba za su mutu ba."

Hajiya ta ce ba za ta yarda da abin da ba ta gani da idonta ba. Haka ta saɓa mayafi a kan leshin suna, ta tattare zane, ta tsallaka kwatar nan, mata suna leƙe ta taga. Ta ƙi shiga, ta tsaya a bakin ƙofa. Aka kawo mata ruwan a sabon kofi. Ta yi bismillah ta kurɓa, ta ce, "Saude, zo ki ji, ke ce mai baki." Na riƙe shi a harshe. Lum, shiru, zaƙi mai nauyi kamar ruwan rake, babu abin da ke motsi a cikinsa. Na ce, "Hajiya, barci yake." Ta ce, "A ɗauka."

Ranar na ga aiki. Matan gida suka kai gero inji, aka hura wuta uku a tsakar gida da tukwanen Hajiya na ƙarfe. Ina damawa, Rufina tana zuba ruwan tsiro da kaɗan-kaɗan, kowace ta ɗanɗana ta dubi 'yar'uwarta. "Saura." "Saura kaɗan." "Tsaya nan!" Na randa kuwa Hajiya ta sa aka tuntsurar a kwata. Rufina ta juya baya, ta ce ba za ta iya kallon wannan asara ba. Alhaji ya leƙo ya ji abin da ya faru, ya shafa gemu ya ce, "Wa ya sayo randunan ne?" Hajiya ta ce, "Alhaji, baƙinka suna jiranka."

Da rana mata suka cika gida maƙil. Na tsaya bayan ƙofa ina kallon bakunansu, don a baki ake gane gaskiya kafin a yi magana. Wata Hajiya mai haƙorin Makka ta kurɓa, ta dakata, ta sake kurɓa, ta miƙa kofi a ƙara mata tun bai ƙare ba. Wata ta zuba a robar ruwanta ta tura cikin jaka tana waige-waige. Kafin la'asar ana kankare gindin tukunya. Na yi murna har cikin raina, amma Hajiya ba ta ce mini uffan ba. Ta wuce ni sau da yawa, ko kallo babu. Na kwanta da tunanin cewa kunu daban, zuwa gidan giya a ɓoye daban.

Washegari ana suyar naman suna, ina durƙushe ina wanke tukwane, Alhaji ya shigo ya tsaya a tsakar gida. Ya ce, "Hajiya, mota za ta tashi bayan azahar. Baƙuwarki ta shirya?"

Hannuna ya tsaya a cikin tukunya.

Hajiya tana juya nama, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Wace baƙuwa?"

"Saude mana."

"Saude jibi tana da kunun suna a Tafo, na riga na amsa musu. In wuri ne ya yi maka yawa a mota, ga randuna can, a kai su inda ba zan sake ganinsu ba."

Alhaji ya fita yana dariya. Ni kuwa ban san lokacin da na zauna a ƙasa cikin ruwan wanke-wanke ba. Hajiya ta tsamo cinyar rago guda, ta sa a kwano ta rufe, ta ce, "Tashi, 'yar nan, kin jiƙa zane. Kai wa ƙawarki tun da zafi, ki ce in ji Mariya. Kuma ki dawo da wuri, akwai geron da za a jiƙa."

Na ɗora kwanon a ka na fito layi, fuskata a buɗe, hawaye yana zuba ina dariya. Mai gyaran babur ya ɗago daga aikinsa ya ce, "Anti, lafiya? Ina za ka?"

Na ce, "Lafiya lau. Aikena aka yi daga gida."